Kujerun Gaba a Wasan Kanari

A layin shagunan da ke bayan tashar bas, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti, akwai wata mai ɗinkin labule da kowa ke kira Auta. Ta haura hamsin, furfura ta fara leƙo mata ta gefen kallabi, har jikoki gare ta, amma sunan ya ƙi sakinta. Su kansu jikokin Auta suke ce mata, don abin da suka taso suka ji ana faɗa ke nan. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, ba ta rabuwa da tef ɗin awo a wuya. In tana magana da kai za ka lura idonta na kan tagar da ke bayanka, tana auna ta a zuci. Mijinta, mai gyaran firiji, yakan ce ko gaisuwar rasuwa suka je sai ta dawo da labarin labulen gidan.

Ba uwa ce ta raine ta ba. Uwarsu ta rasu tun Auta ba ta gama famfara ba, ubansu kuma direban babbar mota ne, in ya fita sai an gan shi. Yayarta ce ta ɗauki gidan a ka. Ta ajiye makaranta ta shiga masaƙa tana budurwa, tana tsayawa gaban injin tun safe har yamma, cikin ƙarar da ko ihu ka yi na kusa da kai sai ya kalli bakinka kafin ya gane. Da albashin nan ta ciyar da Auta, ta kai ta koyon ɗinki, ta saya mata keken farko. Ta yi aure, mijin bai yi tsawon kwana ba, Allah kuma bai ba ta haihuwa ba. Da aka rufe masaƙar, Auta ta je da kanta ta kwaso kayanta, ta share mata ɗakin da ke kusa da kicin. Tun daga nan kowa a gidan, har mai gyaran firiji, Yaya yake ce mata.

In ka cire aiki, abu ɗaya ne Yaya ta taɓa yi wa kanta a rayuwa, shi ne son waƙar Kanari.

Lokacin da suka fara saninta, Kanari ba kowa ba ce. Wata siririyar yarinya ce da ke waƙa ranar Asabar da yamma a zauren ƙungiyar ma'aikata, sanye da rigar da kana gani ka san ta aro ce. Kuɗin shiga bai wuce na kwalbar lemo ba, kuma benci na gaba na wanda ya riga zuwa ne. Yaya kan fito daga aiki ta wanke fuska, ta ja hannun Auta su yi sauri, su zauna dab da dandamali. Wata rana tari ya sarƙe Kanari ana tsakiyar waƙa. Yaya ta miƙe ta ba ta gorar ruwanta, ta sha, ta ce, “Na gode, Yaya,” ta ci gaba. Shekara da shekaru Yaya na ba da labarin nan, kuma kullum sai ta ƙara da cewa, “Ba ta ma san sunana ba, amma kin ji abin da ta kira ni.”

Daga nan kaset ya fito, rediyo ya ɗauka, Kanari ta bar zauren ma'aikata ta koma silima, daga silima zuwa manyan ɗakunan taro, har ta fara tsallaka ruwa. Su kuwa ba su fasa binta ba. Sai dai duk shekara tana hawa, su suna ja da baya layi-layi, kuma ba su taɓa jin haushi ba. Yaya takan ce, “Tamu ce. In ta ci gaba mu ne muka ci gaba.” Daga baya ta yi nisa, ta daɗe ba ta dawo garin ba. Waƙoƙinta suka rage a shagon Auta, suna tashi daga wani tsohon rediyo da ke kan kantar shagon, tare da ƙarar keke.

Ciwon kunnen Yaya a hankali ya shigo, har da farko dariya ake yi. A ce mata “An kawo wuta,” ta ce, “Wa ya mutu?” Jikoki su yi ta ƙyalƙyala, ita ma ta taya su. Sai ta fara ƙure rediyo har maƙwabta na buga bango. Ranar da aka yi ta ƙwanƙwasa ƙofa tana zaune a falo ba ta motsa ba, Auta ta daina dariya ta kai ta asibiti. Likita ya ce injinan masaƙa ne suka cinye mata ji. Kunnen hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa, kuma ba abin da zai tsayar da shi. Ya ba ta wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a kunne. A ɗaki shiru tana taimakawa, amma da an shiga hayaniya sai ta kama fito kamar buta a kan wuta. Abin da ya rage wa Yaya shi ne in kana kusa, tana kallon bakinka, za ta haɗa ɗan abin da ta ji da abin da ta gani ta gane ka.

Ana cikin haka aka sanar cewa Kanari za ta dawo gida ta yi wasan ban kwana a babban zauren wasanni na garin, daga shi ta ajiye makirufo. Auta ce ta kai wa Yaya labari, ta durƙusa gabanta tana buɗe baki sosai. Yaya ta murza gefen zanenta.

“Auta, ina so in ji ta sau ɗaya kafin a rufe min ƙofar nan gaba ɗaya.”

“Za ki ji ta, Yaya. A gaba ma za ki zauna, kamar da.”

Ta faɗi haka ne da zuciya ɗaya, don ba ta san duniyar ta canza ba. Washegari ta rufe shago ta hau bas zuwa zauren, da niyyar bin layi ko na yini guda ne. Ta tarar da tagar sayar da tikiti a garƙame, gizo-gizo ya yi saƙa a jikin ƙarfen. Mai gadi ya ce mata ai yanzu ba a sayarwa a nan, sai ta waya, kuma ya faɗa mata ranar da za a buɗe.

Ranar, babbar 'yarta da ke aiki a kantin magani ta ɗauki hutu ta zo shagon tun da safe. Suka zauna kan dilar yadi, kawunansu a haɗe a kan waya. 'Yar ta ce sun shiga layi.

“Wane layi? Ina mutanen?”

“Suna ciki, Mama. Dubbai ne a gabanmu.”

Da layi ya zo kansu, hoton zauren ya fito, an rarraba shi kala-kala. Layukan gaba an shafa musu ruwan gwal, an sa musu suna kujerun zinare. Wai akwai ƙofar shiga ta daban, da lemo, da ɗaukar hoto a gaban allon Kanari. Auta ta ce a taɓa ɗaya ta gani. Da farashin ya fito ta ɗauka idonta ne, ta sa tabarau ta sake dubawa. Kujera ɗaya ta fi hayar shagonta ta rabin shekara.

“To duba na tsakiya,” in ji ta, muryarta ta yi ƙasa.

'Yar ta taɓa na tsakiya. Suna kallo farashin ya motsa ya ƙaru, kamar mai rai. Kafin Auta ta gama cewa bari ta kira babansu ta ji shawararsa, kalar tsakiya ta dushe. Suka koma baya, nan ma ta dushe. Ko shayin da 'yar ta haɗa bai huce ba aka rubuta cewa tikiti ya ƙare.

“Duk mutanen garin nan Kanari suke so haka?” Auta ta tambaya.

'Yar ta buɗe wani wurin ta nuna mata. Ga tikitin nan birjik, waɗanda aka ce sun ƙare yanzun nan, an dawo da su kasuwa an ninka kuɗinsu. Ta yi mata bayani cewa akwai masu kwamfutoci da ke kwashe ɗaruruwa a lokaci guda, ba don su je ba, don su sayar wa wanda ya matsu.

Da yamma mai gyaran firiji ya ji labari, ya ce, “Waƙa ce fa, Auta. Ga ta nan a waya kyauta. A sa mata a kunne ta ji ta more.”

“Ba ji take yi ba, gani take yi. Sai ta ga bakin.”

Ya leƙa falo ya ga Yaya ta fito da tsofaffin kaset tana goge su ɗaya bayan ɗaya, alhali ko abin kunna su babu a gidan.

Mai gyaran waya ne ya haɗa ta da wani dillali. Ta same shi zaune cikin mota a gefen gidan mai, gilashi a ƙasa, wayoyi a baje kan cinyarsa. Saurayi ne mai fara'a, ya gaishe ta da ladabi har da cire tabarau.

“Na tsohuwar mawaƙiyar nan kike so, Mama? Akwai. Ina kike so?”

“Gaba. Guda biyu.”

Ya faɗi farashi. Auta ta yi dariya irin wadda take yi wa masu sayar da yadi, ta taya rabin rabi, ta gyara jaka kamar za ta tafi. Ta saba in ta juya baya a kira ta. Bai kira ta ba. Ita ce ta dawo da ƙafarta.

“Mama, wannan ba yadi ba ne,” ya ce yana murmushi. “Yadi in ya kwana araha yake yi. Wannan in ya kwana hawa yake.”

“Ɗana, yayata ce ba ta ji sosai. In ba a gaba ba, zuwan banza ne.”

“Allah ya ba ta lafiya. Wallahi na tausaya. Amma ni ma ba nawa ba ne ni kaɗai, akwai waɗanda ke samana.”

“Kai ka san waƙarta ma kuwa? Ko guda ɗaya?”

Ya sosa kai. “Mahaifiyata dai tana ji.”

Ta koma gida ta ce bari ta jira, wataƙila ya sauko. Bai sauko ba. A shagonta kekuna biyu ne: tsohon na ƙafa da Yaya ta saya mata, da babban na lantarki mai cin yadi mai kauri, wanda da shi take aikin otal-otal da ofisoshi. Ta daɗe tana kallon babban. Ranar da ta yanke shawara ba ta nemi izinin kowa ba, ta dai faɗa wa mijinta. Ya dube ta ya daɗe, sannan ya tashi ya ɗauko sukundireba ya kwance keken daga teburinsa, ya ɗora a bayan motar aikinsa, ya kai wa mai saye da kansa. Da ya dawo ya zaro abin da ya samu a aikin makon ya ɗora mata a kan kuɗin keken.

Ta lissafa cewa ko gaba ta gagara, tsakiya ba za ta gagara ba, wurin da aƙalla za a ga fuska. Da ta koma gidan man, dillali ya girgiza kai.

“Kin makara, Mama. Farashin da na faɗa miki na wancan makon ne. Abin da ke hannunki yanzu na sama zai saya.”

“Sama ina?”

“Sama dai. Ana ganin komai, ga iska. Akwai majigi ƙato, kamar tana gabanki.”

Ta tsaya riƙe da jaka, rana na dukanta. Keke ya riga ya tafi. Yaya kuwa ta riga ta ba da yadi an ɗinka mata riga. Auta ta miƙa masa kuɗin.

A gida Yaya ta tare ta da ido. “An samu?”

“An samu.”

“Gaba ne?”

Auta ta juya fuska tana rataye gyale, yadda ba za a ga bakinta ba, ta ce, “Ba can gaba sosai ba.” Da ta juyo Yaya na murmushi, ta san ba ta ji ba, kuma ba ta maimaita ba.

Da yamma za a fara wasan, amma tun hantsi Yaya ta yi wanka ta sa sabuwar riga, ta cika gorar ruwa, ta zauna bakin gado da takalmi a ƙafa.

“Ki yi sauri mana. In muka makara wasu za su kama mana wuri.”

“Yaya, kowa da lambarsa yanzu.”

“Ke dai ki yi sauri.”

Suka isa ba a buɗe ƙofa ba. Da aka buɗe, aka duba wayar Auta, aka nuna musu matakala. Gwiwoyin Yaya ba su da ƙwari, tana hawa tana dafa ƙarfe, Auta na tallafe da ita. A hawa na farko Yaya ta juya za ta shiga, ma'aikaci ya nuna sama. A na biyu ma haka. A na uku ba ta juya ba, ta dai tsaya ta huta, ta dubi Auta, ta ci gaba da hawa. Wannan kallon, Auta ta ce har ta mutu ba za ta manta da shi ba. Babu faɗa a cikinsa, babu tambaya. Da ma faɗan ta yi.

Kujerunsu na layin ƙarshe, bayansu bango, gefensu wani ƙaton ginshiƙi da ya cinye rabin majigin. Dandamali kuwa can ƙasa kamar kwalin ashana. Da wurin ya fara cika, Auta ta lura yawancin waɗanda ke sama masu furfura ne. Wani dogon tsoho ya ƙura wa Yaya ido, ya tafa hannu. Ashe makanikin injinan masaƙa ne, tare suka yi aiki. Suka rungume hannun juna suna magana da ƙarfi, kowa na amsa abin da ba a tambaye shi ba.

“Duk 'yan zauren ƙungiya nan aka kwaso mu,” ya ce wa Auta yana nuna layin. “Ga wance, ga wane. Ni babur ɗina na jinginar.”

Aka rage fitilu. Kanari ta fito cikin farar riga, zaure ya ɗauki ihu. Daga inda suke, da ɗan yatsa ɗaya za ka rufe ta. Sauti ya taso ya bugi rufi, ya bugi bango, ya dawo yana bin kansa. Ko Auta mai lafiyayyen kunne sai ta nutsu take tsinto kalmomin. Ta ga Yaya ta kai hannu kunne tana yamutsa fuska, na'urar ta kama fito. Ta murɗa, ta sake murɗawa, daga ƙarshe ta cire ta ƙulle a gefen gyale. Ta miƙa wuya tana neman majigi, ba ta samun komai sai kafaɗar Kanari da rabin kumatu.

A lokacin ne Auta ta leƙa ƙasa. Layukan gaba, kujerun zinaren nan masu farar riga, fiye da rabinsu babu kowa. Layi guda cur ma ko mutum ɗaya babu. 'Yan tsirarun da ke zaune, wasu sun juya wa dandamali baya suna ɗaukar kansu hoto.

Ta dafa Yaya ta yi mata alamar tana zuwa, ta sauka matakalar nan da gudu-gudu kamar ba mai jika ba. A ƙofar ƙasa ta tarar da wata ma'aikaciya sanye da rigar aiki, igiya a gicciye a bayanta.

“'Yata, don Allah ki taimake ni. Yayata tana can sama, ba ta ji. Ga kujeru can babu kowa. Ko ita kaɗai ce, ni zan tsaya a waje.”

“Mama, an sayar da su.”

“To ina waɗanda suka saya?”

Yarinyar ta waiga ta rage murya. “Dillalai ne. Ba su samu wanda zai biya abin da suke so ba.”

“To tunda ba kowa, wa za a cuta?”

“In na bari wani ya zauna ba tare da tikitin wurin ba, a bakin aikina. Ga kyamara can.”

“Kin san tun yaushe take bin matar nan? Tun kafin a haife ki. Ita ta ba ta ruwa da hannunta ranar da tari ya sarƙe ta.”

Idon yarinyar ya kawo ruwa. “Na yarda, Mama. Tun ɗazu ake zuwa, kowa da irin labarinsa. Wallahi da ikona ne da duk na sauko da ku.”

Auta ta koma gefe ta toshe kunne ɗaya ta kira dillali. Ya ɗauka. Yana bakin ƙofar waje, in ji shi, kuma har yanzu akwai na gaba a hannunsa. Tunda an fara, zai rage mata kashi ɗaya cikin uku.

“Ba ni da komai, ɗana. Duk abin da nake da shi yana wurinka. Nan da ɗan lokaci banza za su zama. Ka ba ni ɗaya, in biya ka a hankali.”

“Mama, ki gane. In na karya yau, gobe ba wanda zai saya da wuri, kowa jira zai yi. Gara su tafi a haka. Mun riga mun fitar da kuɗinmu a na sama.”

Ta sauke wayar daga kunne tana kallonta. Wato da kuɗin kekenta aka biya wa kujerun nan zamansu babu kowa.

Hawan ya fi na farko tsawo. Kafin ta kai, waƙoƙi da dama sun wuce. Tun daga ƙofar sama ta jiyo muryar da ta sani. Yaya ce, idonta a rufe, tana tafi, tana rera Jirgin Safe da ƙarfin wanda ba ya jin kansa. Waƙar da ta fi so ke nan tun zamanin zauren ƙungiya, mai sauri ce, ta rawa. A can ƙasa kuwa Kanari wata waƙa take mai sanyi, daga ita sai mai jita, zaure ya yi tsit. Wasu samari a layin gabansu suna waigowa suna ƙunshe dariya. Dogon makanike ya miƙa hannu ya dafa kafaɗar ɗayansu, suka juya.

Auta ta zauna, ta kai bakinta kunnen Yaya na dama, ta fara rera mata abin da Kanari ke faɗa. Yaya ta buɗe ido ta ture ta da gwiwar hannu.

“Ke, bar ni in ji ta! Wannan muryar taki kamar keken da ba a sa wa mai ba.”

Auta ta yi dariya, dariyar ta juye mata a ƙirji, ta cusa fuska cikin gyale.

Dab da tashi Kanari ta tsayar da makaɗa. Ta ce akwai mutanen da ba za ta sauka ba sai ta gode musu, waɗanda suka saurare ta tun tana yarinya a zauren ma'aikata, lokacin da ko rigar kirki ba ta da ita. Ta kare ido da tafin hannu tana duba layukan gaba.

“Kuna ina? Akwai wanda ya zo cikinku?”

Sama ta ɗauka gaba ɗaya. Tsofaffi suka miƙe suna ɗaga hannu, suna ɗaga sanda, makanike na ihu har muryarsa ta dushe. Amma fitila na idonta, su kuma suna cikin duhu, ihunsu ya narke cikin na sauran jama'a. Ta ɗan jira, ta gyaɗa kai, ta ce, “Allah sarki. Duk inda kuke, na gode.” Yaya na zaune tana kallon mutanen da suka miƙe, ta ja rigar Auta.

“Me aka yi? An tashi ne?”

A bas, da haske a fuskarta, Auta ta faɗa mata a hankali, kalma bayan kalma. “Ta tambaye ku. Ta ce ina 'yan zauren ƙungiya.”

Yaya ta dube ta, ta ɗan yi murmushi, ta shafa mata hannu kamar yadda take yi mata tana ƙarama in ta kawo labarin da bai kama hankali ba.

“Auta ke nan. To na ji. Amma dai ta yi Jirgin Safe da kyau, ko?”

“Ta yi da kyau, Yaya.”

Shekara ba ta zagayo ba kunnen dama ya rufe. Aikin otal ya bar shagon Auta, tunda tsohon keke ba ya iya yadi mai kauri, ta koma labulen ɗakuna da gyare-gyare. Ba ta taɓa kokawa a kan wannan ba, kuma ta hana kowa a gidan faɗa wa Yaya inda babban keke ya tafi; an ce mata yana wurin gyara. Rediyon kan kanta dai ba ta sake kunna shi ba. In mai gyaran waya ya saki waƙar Kanari a sifikarsa, takan leƙa ta ce ya taimaka ya canza.

Zaman gida ya ishi Yaya, sai ta fara bin Auta shago. Takan zauna kan kujera kusa da ƙofa, labule a cinyarta, tana maƙala ƙugiyoyi. Hannunta har yanzu na masaƙa ne, ba ya kuskure.

Wata rana 'yar Auta ta biyo daga aiki da murna, wai an saki bidiyon wasan. Kafin uwarta ta hana ta, ta riga ta miƙa wa Yaya waya. A nan fuskar Kanari ta cika gilashi, kowane motsin leɓe a fili. Yaya ta ajiye labule ta riƙe wayar da hannu biyu. Tana kallon bakin tana kiran sunan kowace waƙa, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Auta ta tsayar da keke. Aka zo wurin da Kanari ta kare ido tana tambaya. Yaya ta sa aka mayar mata baya, ta sake kallo, ta sake sa aka mayar. Sannan ta ɗago ta dubi ƙanwarta.

“Ashe da gaske kike.”

Auta ta gyaɗa kai.

Yaya ta kalla har ƙarshe, har Kanari ta durƙusa ta ajiye makirufo a ƙasa. Ta daɗe riƙe da wayar bayan ta yi baƙi.

“Ba ta yi Jirgin Safe ba,” ta ce, ba da kowa take ba. Ta miƙa wa yarinyar wayarta. “Ita ma ta tsufa.”

Wata mata ta shigo da awon tagoginta a rubuce a tafin hannu, tana tambayar ko akwai yadi ruwan toka. Auta ta share ido da bakin gyale ta tashi ta sauko mata da dila. Yaya ta jawo labulenta, ta lalubi inda ta tsaya, ta ci gaba da sa ƙugiya.